Kurakuran da ke kashe agogon kwaikwayo a hannun mai shi

Ina da wani gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, injinan agogo uku ne kwance a ciki, kuma duk ni na kashe su. Babu ko ɗaya da ya mutu don shi ɗan Chana ne ko don araharsa. Gaggawata ce ta kashe su, ƙurar Kano ta taya ni. Idan ka fara sha'awar haɗa agogon hannu da kanka, ko buɗe na kwaikwayo ka canja masa fuska da hannaye, ga ramukan da yawancinmu muke faɗawa.

Ƙura ce ta farko. Agogon da na soma haɗawa a watan Janairu ne, tsakiyar hunturu, taga a buɗe, fanka tana juyawa. Na rufe baya, na ɗaura a hannu ina jin kaina, da na fito rana sai ga wani ɗan zare kwance kusa da lamba bakwai, a ƙarƙashin gilashi. Na buɗe na hura da baki. Zaren ya tafi, amma ya bar mini ɗigon yawu uku a kan baƙar fuska, waɗanda har yau ana gani. Kada ka hura da baki, ka sayi ɗan famfon roba mai hura iska. Ka goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe taga, ka kashe fanka, duk abin da ka ajiye kuma ka kife shi da kofin gilashi. Tabon yatsa da ƙurar da ta manne, ana ɗauke su da Rodico, wani abu mai kama da cingam na kamfanin Bergeon. A watan Afrilu zama ba fanka azaba ne, gumi ma yana iya ɗiga cikin inji, shi ya sa ni bayan sallar asuba nake aikina, kafin gari ya ɗau zafi kuma kafin a fara shara.

Sai kayan aiki. Da yawanmu Farm Centre muke zuwa mu sayo sukudireba da hantsakin masu gyaran waya, don su ne a kusa. Matsalar ita ce yawancin sukudirebobin waya an sa musu maganaɗisu da gangan don su riƙe ƙananan kusoshi. A cikin agogo mai wani, wato wanda ake murɗawa ba mai batir ba, akwai wani sifirin siriri kamar gashi, shi ne ke daidaita bugun agogon. Da ya sha maganaɗisu sai zagayensa su manne da juna, agogo ya kama gudu, ya ƙara mintuna a rana ɗaya. Nan ne mutum zai hau taɓa madaidaicin gudu, ya ɓata abin da lafiyarsa ƙalau. Ka fara kawo kamfas kusa da agogon, in allurarsa ta karkata, to maganaɗisu ne, kuma 'yar na'urar cire shi ba ta da tsada. Ka daina kwantar da agogo a kan waya ko sifika da dare.

Kwanan wata ma yana cin mutane ta hanya biyu. A injin NH35 na Seiko, wanda shi ne mafi yawan masu wannan sha'awa suke farawa da shi, ba a canja kwanan wata da hannu tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, domin a lokacin haƙoran da ke tura kwanan sun riga sun shiga aiki, tilasta musu na iya lalata su. Ka kai hannaye ƙarfe 6 tukuna. Ta biyun wajen dasa hannaye ce: ka juya lokaci a hankali har kwanan ya tsallaka, daidai nan ne sha biyun dare, sai ka dasa hannun awa da na minti a kan 12. Wanda ya manta, agogonsa zai riƙa shiga sabuwar rana da la'asar. Kafin ka sa hannun sakan, ka duba ta gefe ka tabbata babu hannun da ke gogar ɗan'uwansa, sannan ka danna shi a miƙe, da sauƙi, domin tsinken da yake hawa kai bai kai kaurin allura ba. Inji na biyu a gwangwanina nan ya gamu da ajalinsa.

Sandar wani kuwa, wato sandar da ke haɗa inji da ɗan maɓallin da ake murɗawa a gefe, doguwa take zuwa, kai za ka yanke ta daidai gidan agogonka. Ka yanke da saura, ka gwada, ka rage da magagari kaɗan-kaɗan. Wadda ta gajarce ba ta da magani sai sabuwa, don haka ka sayo biyu ko uku tun farko.

Yanzu ga babban, wato mai. Wani agogon kwaikwayo da abokina ya ba ni yana tsayawa cikin dare, sai na buɗe na ɗiga masa man keken ɗinki, na ga ya tashi, na yi murna. Bayan sati biyu ya tsaya cak. Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari, ya manna madubinsa a ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, miya ka yi a ciki?" Na ce, "Baba, mai na sa masa kaɗan." Ya ce, "In da ka bar shi da ƙishinsa da ya fi masa." Man ya malale ya kama sifirin ɗin nan, ya kwashi ƙura ya zama laka. Man agogo daban yake, kuma ba iri ɗaya ba ne: Moebius 9010 na wuraren da ke juyawa da sauri, HP-1300 na masu nauyi da jinkiri, 9415 na duwatsu biyun da ke kama haƙoran tayar bugu. Abin da ake sawa a kowane gurbi ɗigo ne da sai da madubi za ka gan shi, kuma ba a sa sabon mai a kan tsohon datti, sai an kwance an wanke. Wajen wankin ma akwai tarko. Sifirit ɗin isofurofil da masu waya ke amfani da shi yana narkar da ƙaron da ya riƙe waɗancan jajayen duwatsu, don haka kada ka jiƙa wannan ɓangaren a ciki. Kafin ka kwance komai kuma, ka sauke ƙarfin babban sifirin da ke tafiyar da agogon a hankali, in ba haka ba tayoyi su yi tsalle su kakkarye.

A nawa ganin, sabon shiga bai kamata ya fara da wanke inji ba. Kuɗin kwalaben man nan uku sun fi na sabon NH35. In inji mai araha ya gaji, canja shi ya fi sauƙi, tsohon kuma ka ajiye shi ka riƙa koyon kwancewa da ɗaurawa a kansa ba tare da fargaba ba.

Wani kuskuren tun wajen oda ake yin sa. Mutum ya ga fuska mai kyau a intanet ya saya, ya jira makonni, ta iso ta ƙi zama. Fuskar da ake yi wa NH35 yawanci milimita 28.5 ce, tana da ƙafafu a baya, kuma wurinsu ya danganta da ko kan wani, maɓallin murɗawar nan, yana ƙarfe 3 ko kusa da 4. Wasu suna zuwa da ƙafa huɗu, kai za ka cire biyu, to ka gwada kafin ka kai filaya. Hannayen NH35 ba duka suke hawa injin ETA 2824 ko na Miyota 8215 ba, ramin hannun sakan ɗinsu ba ɗaya ba. Kuma kada ka yarda da rubutun da ke jikin injin agogon kwaikwayo, ana iya zana kowane suna a kai. NH35 da Miyota 8215 suna bugu 21,600 a awa, ETA 2824 kuwa 28,800, manhajar auna bugu ta waya ma tana iya nuna maka bambancin.

Tunda an zo maganar suna: in za ka rabu da agogon kwaikwayo, ka faɗa wa mai saye ko mene ne. Sayar da shi a matsayin orijinal algus ne, kuma tambarin kamfani a kan kayan da ba nasa ba saɓa doka ne. Ni yanzu fuska mara suna nake saye, babu wanda zai tare ni a wurin ɗaurin aure yana tambayar nawa na sayi Rolex.

Na ƙarshe ruwa. Rubutun mita 300 a fuskar agogon kwaikwayo ado ne kawai, ba wanda ya tabbatar maka an gwada shi. Mu kuma sau biyar muke kai hannu ga buta a rana, ga gumi, ga damina. Duk lokacin da ka buɗe baya, ka duba zoben robar da ke hana ruwa shiga, in ya bushe ko ya tsage ka canja, in lafiya yake ka shafa masa man silikon kaɗan, ka lura kada murfi ya cije shi wajen rufewa. In kan wani mai ɗaurewa ne, ka ɗaure shi. Wajen alwala ka cire agogon ka sa a aljihu. In kuwa ka ga gilashi ya yi hazo daga ciki, kada ka bar shi ya kwana: ka buɗe baya a ranar, ka fitar da injin ya bushe a ƙarƙashin kofi, domin tsatsa daga sandar wani take farawa.