Yadda na rabu da fargabar horon taimakon gaggawa

Alhamdulillahi, jiya na yi horon, hannuna ko rawa bai yi ba.

Tun saura kwana uku gabana ke faɗuwa. Tsorona shi ne a ce in durƙusa gaban jama'a in danna ƙirjin mutum-mutumin roba, kamar yadda ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya, in rikice. Na yi ta kallon bidiyo har tsakar dare, sai tsoron ya ƙaru. Haddar takardun ma ba ta yi ba.

Daga baya na ninka matashi na ajiye a kan siminti, na durƙusa gefensa. Na ɗora hannu kan hannu, ban lanƙwasa gwiwar hannu ba, ina ƙirgawa da ƙarfi: danni 30, sai hura numfashi 2. Ana son danni 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babban mutum, wato danni 30 su ci daƙiƙa 15 zuwa 18. Wannan lissafin ne ya kwantar min da hankali. Minti biyu-biyu, sau uku kowace yamma.

Ranar horon na sa wando a ƙarƙashin zani saboda durƙuso, na roƙi malama ta bar ni in fara. Na gode wa ƙanwata da ta riƙe min agogo.