Yadda ake ɗora Windows 7 a kan sabuwar kwamfutar da ba ta da direbobinsa

A cikin birnin Kano akwai shagunan buga takardu, da masu injin yanka sitika, da masu injin surfani na kwamfuta, waɗanda cinikinsu ya rataya a kan wata tsohuwar manhaja da ba ta tashi sai a kan Windows 7. Ranar da tsohuwar kwamfutar ta mutu, mai shago yakan nufi titin Beirut ya sayo wadda ta fi ta ƙarfi, ya soka filashi da niyyar ɗora Windows 7, sai ya tarar kibod da maus sun ƙame tun a shafin zaɓen harshe, ko kuma saƙo ya fito cewa ba a sami direban CD/DVD ba (direba shi ne ɗan shirin da ke sa Windows ya gane wata na'ura ya yi aiki da ita), alhali kwamfutar ko gurbin faifai ba ta da shi.

Laifin ba na filashin ba ne. Windows 7 ya fito a watan Oktoba na 2009, kuma babu direban USB 3.0 a cikinsa. Daga 2015, da Intel ya fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na zubi na shida mai suna Skylake, aka cire tsohon sashen da ke kula da USB 2.0, aka bar sabon kaɗai. Wannan ne ya sa tsohuwar dabarar cire filashi daga bakin USB mai launin shuɗi a mayar da shi baƙi ta daina aiki, domin duk bakunan biyu hanya ɗaya suke bi a ciki. Haka kuma Windows 7 bai san ma'ajiyar NVMe ba, wato siririn SSD ɗin nan mai tsawon ɗan yatsa da ake kwantarwa a kan allon kwamfuta a ɗaure da ƙusa guda.

Mataki na farko, kuma wanda ya fi kowanne nauyi a ganina, shi ne ka san zubin furosesarka kafin ka goge komai. Lambar ce ke faɗa: i5-6500 na shida ne, i5-8250U na takwas, i5-1135G7 na goma sha ɗaya. Zubi na shida shi ne na ƙarshe da kamfanoni suka yi wa cikakkun direbobin Windows 7, shi ya sa HP EliteBook 840 G3, da Dell Latitude E7470, da ThinkPad T460, waɗanda suke da yawa a cikin na hannu da ake shigowa da su, ba sa wahalar da mai gyara. Daga na bakwai abin ya sauya, domin tun 2017 Microsoft ya rufe sabunta Windows 7 a kan wannan zubi da kuma AMD Ryzen, shi kuwa Intel bai fitar da direban hoto na Windows 7 ga sababbin zubin ba. Kwamfutar tebur ta zubi na bakwai zuwa na tara takan yiwu idan aka saka mata katin hoto daban mai direban Windows 7. Laftof na zubi na goma zuwa sama kuwa, shawarata ita ce kada ka ɓata yininka a kansa, ka wuce kai tsaye zuwa hanyar da zan kawo can ƙasa.

Bayan haka sai tattara direbobi, tun sabon Windows yana kan kwamfutar. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka rubuta lambar samfurinta, ka duba ko Windows 7 yana cikin jerin da suka bayar. Idan yana nan, ka sauke direban USB 3.0, da na chipset, da na intanet, da na hoto, da na sauti. Idan babu, ka buɗe Device Manager, ka danna kowace na'ura sau biyu, ka shiga Details ka zaɓi Hardware Ids, ka kwafe lambar da ke bayan VEN da DEV a takarda. VEN_8086 na Intel ne, VEN_10EC na Realtek, kuma da waɗannan lambobi za ka nemi direban a wurin wanda ya ƙera na'urar ita kanta. Ka kwashe duk takardunka zuwa wani wuri. Abin da ya fi wannan ma shi ne ka cire ma'ajiyar da kwamfutar ta zo da ita ka ajiye, ka saka wani SSD na SATA, irin wanda Windows 7 ya sani, ta yadda idan aikin ya ƙi za ka mayar da ita kamar ba a taɓa ba, kuma ka huta da matsalar NVMe gaba ɗaya.

Mataki na uku shi ne haɗa filashin, kuma nan ne yawancin aikin yake. Kana buƙatar filashi mai girman giga 8, da fayil ɗin ISO na Windows 7 mai Service Pack 1, wato kwafin faifansa a fayil guda, tare da lasisinka na gaskiya. Ka guji irin Windows ɗin nan da ake yawo da shi daga filashi zuwa filashi ana cewa an haɗa masa komai, domin ba ka san abin da aka cusa a cikinsa ba. Ka buɗe manhajar Rufus, ka zaɓi ISO ɗin, ka sa tsarin rabon ma'ajiya a kan MBR, ka bar ta ta gama. Daga nan sai saka direban USB 3.0 a cikin filashin. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙananan manhajojin da masu ƙera allon kwamfuta suka fitar don wannan matsala, kamar Windows USB Installation Tool na Gigabyte, ko Smart Tool na MSI, ko EZ Installer na ASUS. Ka nuna musu filashin, ka zaɓi USB da NVMe, su yi sauran.

Wanda yake son yi da hannunsa zai yi amfani da DISM, kayan aikin gyara fayilolin ɗora Windows, wanda yake cikin Windows tun asali. A cikin folda mai suna sources akwai fayil biyu, boot.wim da install.wim. Ka kwafe su zuwa C:\win7, ka buɗe folda babu komai a C:\mount, ka zuba direbobin a C:\usb3. Ka tabbata an warware su har kana ganin fayil masu ƙarewa da .inf, domin DISM ba ya karɓar setup.exe. Sai ka buɗe Command Prompt da ikon Administrator ka rubuta waɗannan, ɗaya bayan ɗaya:

dism /Mount-Wim /WimFile:C:\win7\boot.wim /Index:2 /MountDir:C:\mount

dism /Image:C:\mount /Add-Driver /Driver:C:\usb3 /Recurse

dism /Unmount-Wim /MountDir:C:\mount /Commit

Dole ne ka maimaita wannan a kan install.wim, bayan ka duba lambar nau'in Windows ɗinka da umarnin /Get-WimInfo, wadda za ka sa a gurbin 2 na /Index. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: sukan gyara boot.wim kaɗai, komai ya tafi daidai har ƙarshe, sai kwamfutar ta sake tashi ta nemi a rubuta sunan mai ita, a nan kibod ya sake mutuwa, a koma farko. Idan a kan NVMe za ka ɗora, ka ƙara gyare-gyaren Microsoft guda biyu, KB2990941 da KB3087873, da umarnin /Add-Package. Da ka gama sai ka mayar da fayil biyun cikin sources na filashin. Mai kwamfutar tebur da ke da zagayayyen bakin PS/2 a bayanta yana da sauƙi: tsohon kibod mai irin wannan kai ba ya buƙatar direban USB.

Mataki na huɗu a cikin BIOS ake yin sa, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da kunnawa ka danna F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ko Delete a yawancin kwamfutocin tebur. Ka kashe Secure Boot, ka kunna CSM, saitin da ke barin tsofaffin Windows su tashi, wanda wasu ke rubutawa Legacy Support, ka bar SATA a kan AHCI. Idan ka bincika ko'ina babu CSM, to kwamfutar tana cikin sababbin da aka cire musu shi, kuma Windows 7 zai tsaya cak a kan tambarinsa na Starting Windows. Kafin ka ci gaba ka tabbata batirin laftof ya cika, ko kwamfutar tebur tana kan UPS ko inbata, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafe fayil na nufin sake farawa.

Ɗorawar kanta ba ta da wani sabon abu. Bayan ta kammala, ka fara da direban chipset, sai na intanet, sai na hoto. Kafin sauran, ka saka gyare-gyaren Microsoft KB4490628 sannan KB4474419, domin direbobin da aka fitar daga 2019 da sabon nau'in sa hannun tantancewa mai suna SHA-2 suke zuwa, kuma Windows 7 da bai sami waɗannan biyun ba zai ƙi su ko da su ne daidai. Ka koma Device Manager ka bi duk mai alamar rawaya da lambobin da ka rubuta. Ka yi nesa da shafukan da ke alkawarin nemo maka duk direbobi da danna ɗaya, domin da yawansu tarkace suke sakawa.

Idan kwamfutar ta ƙi, akwai hanya biyu. Ta farko ita ce ka bar Windows 10 ko 11 a kanta, ka saka VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wani Windows a cikin wani, ka kunna saitin VT-x da take buƙata a BIOS, ka ɗora Windows 7 a cikinsa, sannan ka miƙa masa injin ko ɗan makullin USB na manhajar ta sashen USB na VirtualBox. Wannan yana wadatar da manhajojin lissafin kuɗi da na zane da yawa, sai dai wasu injunan da ke son saƙo ba tare da jinkiri ba sukan yi gardama, don haka ka gwada da ƙaramin aiki kafin ka ɗora yadin mai kaya. Ta biyu, wadda sau da yawa ta fi arha, ita ce sayen kwamfutar hannu ta zubi na huɗu zuwa na shida a keɓe ta ga injin kaɗai.

Ko ta wace hanya ka bi, kada ka bar wannan kwamfuta a kan intanet. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, Chrome kuma ya tsaya a kan lamba 109 a farkon 2023, ga shi harin ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry na watan Mayun 2017 ya nuna irin ɓarnar da ke samun kwamfutocin da ba a sabunta ba. Kada a buɗe asusun banki a kanta, kuma filashin kwastoma a fara duba shi a wata kwamfutar. Da zarar injin ya yi aikinsa na farko lafiya, ka shiga Backup and Restore ka ɗauki cikakken hoton ma'ajiyar zuwa wani hard disk na waje, ka haɗa shi da filashin da ka gyara da foldar direbobin, ka rubuta lambar samfurin kwamfutar a jikinsu, ka adana a inda ƙurar hunturu da zafin bazara ba za su kai gare su ba.