Yadda sabon incaji zai riƙe asibitin mazaɓa abin bai kwaɓe masa ba

A makarantar koyon aikin lafiya an koya mana duba mara lafiya da allura da karɓar haihuwa, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda ake riƙe ma'aikata da kuɗi da magani. Sai wata rana kawai takarda ta zo daga ƙaramar hukuma wai kai ne incaji, wato shugaban asibitin, shikenan an jefa ka ruwa ko ka iya iyo ko ba ka iya ba. Toh ga yadda ni nake ganin za ka bi abin, ko kai ne ko ke ce.

Satin farko kar ka canja komai, saurare kawai. Ka zauna da kowa shi kaɗai, ungozoma, mai rigakafi, mai sito, har mai shara da mai gadi, ka tambaye su me ke hana su aiki. Kar ka raina mai gadi fa, shi ya san wa ke zuwa a makare da kuma ƙarfe nawa ake rufe ƙofa in oga ba ya nan. Bayan nan sai ku haɗa rosta tare a manna a bango, kuma ka sa sunanka a aikin dare da na ranar Asabar kamar kowa, don wallahi incajin da bai taɓa kwana a asibiti ba bakinsa ba ya kaifi in ya zo yi wa wani faɗan fashin aiki.

Daga nan sai sito, nan ne yawanci ake fara samun matsala. Kowane magani ya zama yana da katinsa, abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a ranar, ba a bari sai ƙarshen wata a zo ana ƙirƙira ba. Wanda ya kusa lalacewa shi za a sa a gaba a fara bayarwa. Duk wata ku ƙirga kaya ku biyu, kai da mai sito, kuma ka yi odar maganin maleriya da kayan gwajinta tun kafin damina ta kankama, ai kowa ya san yadda layi ke cika in ruwa ya zauna. In kuna da asusun magani mai juyawa, tsarin nan da ya samo asali daga taron Bamako na 1987, ƙa'idarsa ɗaya ce, kuɗin magani magani zai sayo. Ranar da aka fara "ba ni aro zan mayar in an yi albashi" ranar asusun ya kama hanyar mutuwa. Firjin rigakafi kuma tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba a rubuta safe da yamma har ranakun hutu.

Sai batun kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ta kafa asusun BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma asibitocin da aka zaɓa kasonsu na shiga asusunsu na banki ne bisa tsarin aikin da suka rubuta. In naku na ciki, kar ka kulle ofis ka rubuta tsarin kai kaɗai, ka kira shugaban kwamitin raya mazaɓa tun daga farko tunda a ƙa'ida da sa hannunsa ake fitar da kuɗin. Ko ƙusa aka saya a karɓi rasit. Ni dai a ganina har a bango ya kamata a manna abin da ya shigo da abin da aka kashe, wasu za su ce tonon asiri ne, amma ya fi a ce ana zaginka a majalisa kan kuɗin da ba ka ci ba.

Na huɗu, ka koyi karanta alƙaluman da kuke tarawa. Da yawanmu cike fom ɗin wata-wata muke mu kai ƙaramar hukuma a shigar a DHIS2, manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman lafiya a ciki, daga nan mun manta da shi. Alhali abin na magana. Ana yi wa yaro Penta, allurar rigakafin nan ta cututtuka biyar, a sati 6 da 10 da 14, toh a ce yara 100 sun karɓi ta farko amma 80 ne suka zo ta uku, ka ga 20 sun ɓace a hanya kenan, kuma in waɗanda suka daina zuwa sun haura kashi 10 akwai gyara. Sai ka buɗe rajista ka fitar da sunayen unguwanninsu, ka je wajen mai unguwa da liman da ungozomomin gargajiya a bi su gida. Haka awon ciki, mata nawa suka zo awo, nawa suka dawo haihuwa. Kuma dan Allah kar a ƙara lamba don a burge sifabaiza.

Mitin na ma'aikata sau ɗaya a wata ya isa, minti talatin, a rubuta wa zai yi me zuwa yaushe. Yabo a gaban kowa, gyara kuma a ofis ku biyu.

Na ƙarshe shi ne wanda incaji da yawa ba sa so, wato ka raini wanda zai gaje ka. In takardar bita ta zo ba dole kullum kai ne za ka je ba saboda alawus, a riƙa juyawa, wanda ya je kuma in ya dawo ya koya wa saura a mitin na gaba. Ka ɗauki mutum ɗaya ka nuna masa yadda ake haɗa rahoton wata da lissafin sito da rubuta tsarin kashe kuɗi, ka bar masa asibitin kwana biyu ka ga inda zai yi tuntuɓe, in ka dawo ku zauna ku gyara. Canjin wurin aiki ba ya sallama, don haka takardar miƙa aiki ta kasance a shirye a fayil, da adadin kayan sito da ragowar kuɗin banki da lambobin wayar 'yan kwamiti, kana sabunta ta duk wata uku.