Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa kan amiloyid da ciwon mantuwa

Na gaji da ganin magana ɗaya a takardun ɗaliban kiwon lafiya a nan Gombe: wai enzayim (furotin mai yanka ko narkar da wasu sinadarai a jiki) ne ke kawo ciwon mantuwa, a toshe shi kowa ya huta. Ni ma na taɓa faɗin haka ranar kare aikin bincikena. Wani dattijo cikin malaman ya cire tabarau ya ce, "To, Notch fa?" Na yi tsuru-tsuru. Babi guda na sake rubutawa, wata uku suka tafi.

A jikin ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin, APP, wanda daga jikinsa ake yanko amiloyid, guntun furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa na Alzheimer. Enzayim uku ne ke yanka APP, kamar wuƙaƙe. Idan alfa-sikiretes ya riga kai masa wuƙa, ta tsakiyar amiloyid ɗin yake yankawa, don haka babu abin da zai taru. Idan kuwa beta-sikiretes ya fara, gama-sikiretes ya ƙarasa, sai guntun amiloyid ya fito, mai amino asid (tubalan ginin furotin) 40 ko 42. Mai 42 ya fi danƙo, shi ke saurin curewa. Amma gama-sikiretes ba APP kaɗai yake yankawa ba, har da Notch, wani furotin da fata da hanji ke dogaro da shi. A 2010 aka dakatar da gwajin semagacestat, maganin da ke toshe gama-sikiretes, domin masu sha sun ƙara rikicewa, wasu suka kamu da sankarar fata. Yanzu ba na karɓar kalmar "toshe" daga ɗalibi sai ya zana mini wuƙaƙen uku a allo, ya nuna inda kowace ke sauka.

Ku ɗalibai, kuna mantawa da masu shara: neprilisin da IDE, enzayim ne su ma, aikinsu narkar da amiloyid. Kada kuma ku haɗa amiloyid da tau, wani furotin na daban. Amiloyid a wajen ƙwaya yake taruwa, tau a ciki.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne na donepezil, maganin da ake ba masu ciwon mantuwa. Haba jama'a! Wannan magani ba ya taɓa amiloyid, asetilkolinestares (enzayim ɗin da ke rushe sinadarin isar da saƙo) yake ragewa ƙarfi don saƙo ya ɗan daɗe tsakanin jijiyoyi. Ina ɗaliba na ce wa 'yan gidanmu zai wanke wa Goggo ƙwaƙwalwa. Suka yi ta saye a kemis, wata bayan wata, ita kuwa tana ɗaura ɗankwali da asuba tana cewa za ta kasuwar Kumo, tana kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu. Da muka kai ta asibiti, ashe hawan jini ne ya daɗe yana toshe mata ƙananan jijiyoyin jini. Ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba, kuma ba "gigin tsufa" ba ne da za a zuba wa ido. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini maganar tsohuwarsa, kafin in ambaci amiloyid sai na tambaye shi yaushe rabon da a auna jininta.