Kurakuran da mutanenmu ke ta maimaitawa kan rarar kuɗin HSA lokacin cike haraji

Duk shekara daga Fabrairu ta kama sai wayata ta fara cika da hotunan sikirin, wani ya buɗe manhajar cike haraji irin su TurboTax ko FreeTaxUSA, jan rubutu ya fito wai ya zuba kuɗi a HSA (asusun ajiyar kuɗin magani mai rangwamen haraji a Amurka) fiye da ƙima, hankali ya tashi. Wallahi na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta, musamman don 'yan uwa da ba su daɗe da fara aiki a Amurka ba.

Ka fara sanin iyakar abin da za ka iya zubawa a shekara tukuna. A 2024 mutum ɗaya dala 4,150 ne, iyali 8,300. A 2025 ya koma 4,300 da 8,550. Wanda ya kai shekara 55 yana da ƙarin 1,000. Kuma abin da kamfaninka ya zuba maka yana cikin lissafin nan, ba kyauta ba ce ta daban.

Yawancin waɗanda ke turo min hoto ma ba su da wata rara, da hannunsu suka ƙirƙiro ta. Ka duba W-2 ɗinka, wato takardar albashin shekara da kamfani ke ba ka, akwati na 12, inda aka sa harafin W. Wannan adadin ya haɗa na kamfani da wanda aka dinga cirewa daga albashinka. To sai manhajar ta tambaya ko kai da kanka ka zuba wani abu, sai mutum ya ce ai kuɗina ne, ya sake rubuta adadin nan, shi ke nan ya ninku biyu. Wancan gurbin na kuɗin da ka tura daga akawun ɗinka na banki ne kawai, in babu ka bar shi sifili. Haka kuma masu gaggawa da ke tsallake tambayoyin inshora, in ba ka gaya wa manhajar watannin da kake da HDHP (irin inshorar lafiyar da ke ba ka damar zuba kuɗi a HSA) ba, ɗauka za ta yi ba ka cancanta ba sam, komai ya zama rara. Ni al'adata sai na gama tambayoyin nan kaf, sannan in buɗe fom 8889, wato fom ɗin lissafin HSA, in karanta da idona kafin in yarda da kowane jan rubutu.

Yanzu ga wanda ya ci min kuɗi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. A 2023 na canja aiki tsakiyar shekara, kamfani biyu kowa na cirewa, babu wanda ya san abin da ɗayan ke yi, iyakar iyali lokacin 7,750 ce, na wuce da dala 600. Da na gani sai na shiga manhajar bankin HSA ɗin da daddare na danna tura 600 zuwa akawun ɗina, na kwanta ina ganin na gyara. Ashe ban gyara komai ba. Su a wajensu cirewa ce ta yau da kullum, da 1099-SA, takardar da ke nuna abin da aka cire daga HSA, ya zo lamba 1 ce a akwati na 3 maimakon lamba 2 ta mayar da rara. Ban kashe kuɗin a asibiti ba, don haka na biya haraji a kansu, ga tarar kashi 20 wato dala 120, ga kuma tarar kashi 6 na rarar a fom 5329, dala 36. Abin da ya fi ƙona min rai, 600 ɗin nan na riga na sa ta cikin kuɗin shiga na 2023, kun ga haraji biyu kenan kan kuɗi ɗaya. Kuma lokacin da na farga wa'adin gyarawa ya wuce.

Don Allah kar ka taɓa kuɗin nan da kanka. Kira inda HSA ɗinka yake, ka ce kana son fom ɗin "return of excess contribution", su ne za su lissafa ribar da rarar ta haifa su dawo maka da su tare. Ka yi haka kafin 15 ga Afrilu, ko 15 ga Oktoba in ka nemi ƙarin lokaci. Ni ba na jiran Afrilu, watan Janairu nake haɗa lissafina da takardar albashin ƙarshe ta Disamba. A manhajar kuma ka amsa cewa za ka cire rarar kafin wa'adi, kashi 6 ɗin zai ɓace. Amma fa ka cire ɗin da gaske! Na san wanda ya danna e don jan rubutu ya tafi, bai kira kowa ba, haba malam, ai IRS, hukumar haraji, na samun rahoton abin da ke akawun ɗin ta fom 5498-SA.

Shekara mai zuwa 1099-SA mai lamba 2 zai zo, ka shigar da shi, ribar ce kawai za a caje ka a kai, a shekarar da ka karɓe ta. Mutane na mantawa da shi.

In rarar ƙarama ce kuma wa'adi ya wuce, ni abin da nake ba da shawara ka biya kashi 6 sau ɗaya, ka rage abin da kake zubawa bana har gurbin ya haɗiye ta. In ka ƙyale ta haka, duk shekara sai ka sake biya.

Miji da mata masu inshorar iyali, iyakar ɗaya ce kuke rabawa ko da kowa na da akawun ɗinsa. In matarka na da FSA (wani asusun kuɗin magani na daban) na gama-gari a wajen aikinta, kai ma ba ka cancanci zubawa ba. Dattawanmu da suka wuce 65 su lura, Medicare Part A, inshorar asibiti ta gwamnati, na iya komawa baya har wata shida in an yi rajista, kuma mai ita bai cancanci zubawa ba, abin da aka zuba a watannin nan rara ne. Masu zama a Kalifoniya da New Jersey kuma, jihohinku ba sa yafe harajin HSA, in kun ga lissafin jiha ya bambanta da na tarayya ba manhajar ce ta lalace ba.