Yadda na samu na haye Mayhem 10 a Borderlands 3

Alhamdulillah an wuce wajen. Borderlands 3 wasan bidiyo ne na harbi, Mayhem kuma matakan ƙarin wahala ne a cikinsa. Matsalar ita ce ina kai Mayhem 10 sai bindigogina suka zama kamar na roba, in juye harsashi kaf a kan ɗan ƙaramin maƙiyi amma jininsa ko motsi baya yi, su kuwa bugu biyu na faɗi.

Na sake rabon maki a bishiyar fasaha, na canza garkuwa, na yi ta juya ƙa'idojin Mayhem ɗin ko zan dace da masu sauƙi, duk a banza.

Ashe abin yana jikin katin bindigar. Kowace bindiga tana ɗauke da matakin Mayhem ɗin da ta faɗo a ciki, nawa kuma duk na Mayhem 2 ne, to ina za su iya. Sai na buɗe ECHO, wato menu na wasan, na sauko Mayhem 6, don daga nan ne wasu manyan makamai ke fara faɗowa. Na tafi Lectra City na dinga kashe Killavolt, babban maƙiyin wajen, in fita in dawo, har bindigar Monarch ta faɗo, kar dai ku je masa da bindigar lantarki don ba ta yi masa komai. Da Monarch ɗin na hau 8 na sake farautar sabuwa, sannan 10.

Sai kuma launin ma'aunin jinin maƙiyi, shi ke nuna irin bindigar da za a sa masa: ja a sa wuta, shuɗi lantarki, rawaya asid. Yanzu ina riƙe da ɗaya ta kowanne ina canzawa a tsakiyar faɗa.