Yadda Ake Sarrafa Ɗanyen Hoton Kyamara Biyu Don Fim Ɗin 3D na Sinima

Fim ɗin 3D kyamara biyu ke ɗaukarsa, ɗaya a madadin idon hagu, ɗaya a madadin na dama. Don haka duk wanda aka miƙa wa katunan ɗauka, wato katunan da kyamarorin ke adana hoto a ciki, ya sani tagwaye aka ba shi riƙo: abin da aka yi wa Hassan sai an yi wa Husaini, in ba haka ba mai kallo ne zai tashi da ciwon kai.

Da kwafi ake farawa. A kwafe kowane kati zuwa faifai uku da manhajar da ke tantance kwafin ta hanyar MD5 ko xxHash (lissafin da ke tabbatar da kwafi ya yi daidai da asali), a ware folda ta hagu da ta dama. Fayilolin ɗanyen hoto, wato hoton yadda kyamara ta ɗauke shi ba a sarrafa ba, irin su R3D na kyamarar RED ko ARRIRAW na kyamarar ARRI, a bar su da sunayensu na asali.

Sai lokaci. Kada lambar taimkod, wato lambar lokacin da ake liƙa wa kowane firam, ta ruɗe ka, domin tana iya zuwa ɗaya alhali kyamarorin ba tare suka ɗauka ba. Je ka firam ɗin da allon tafi, wanda ake bugawa gaban kyamara a farkon ɗauka, ya rufe, ka duba idanun biyu. In saɓanin firam guda ne cif, zamar da ido ɗaya ya wadatar. In kuwa rabin firam ne, to wayar da ke haɗa bugun kyamarorin ce ta yi gardama, kuma duk abin da ke gudu a hoton zai bayyana a zurfin da ba nasa ba. A sanar da masu ɗauka a ranar, tun ba su tashi daga wurin ba.

Galibi ana ɗauka ne ta madubi mai raba haske gida biyu: kyamara ɗaya na gani ta cikinsa, ɗayar na kallon abin da ya hasko. Hoton ta biyun a juye yake zuwa, sai a miƙar da shi. Bayan nan a mayar da ɗanyen hoton zuwa hoton da za a iya aiki da shi, da cikakken girmansa, da ISO (ma'aunin karɓar haske) ɗaya da ma'aunin fari ɗaya ga idanun biyu, a fitar da shi a tsarin fayil na OpenEXR mai bit 16 ko DPX.

A nan aikin yake. Kafin ka taɓa kala, ɗora hoton hagu a kan na dama a manhajar Mistika ko DaVinci Resolve Studio, ka zaɓi abu mai kaifi, kamar gefen taga ko maɓallin riga. Bambancin da aka yarda da shi na gefe da gefe ne kawai. In maɓallin ya ɗara a sama a ido ɗaya, a sauke shi. In kusurwa ɗaya ta dace, ta ɗaya ɓangaren ta kauce, kyamara ce ta karkace. In tsakiya ta dace amma gefuna huɗu sun buɗe, girman hoton ne ya bambanta. Idon mutum bai saba ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa ba, kuma fiksel kaɗan a kwamfuta babban abu ne a allon sinima. Bayan wannan ne ake jawo kalar ido ɗaya ta yi daidai da ta ɗan'uwansa. A lura da ƙyallin ruwa, gilashi da jikin mota, domin madubin kan sa ido ɗaya ya ga ƙyalli, ɗayan bai gani ba.

Zurfi kuma da matsar da hotunan gefe ake saita shi, amma da iyaka. Tazarar idanun mutum kusan milimita 65 ce, kuma abin da ke can nesa bai kamata ya rabu fiye da haka a allo ba, don kada idanu su buɗe waje. A allo mai faɗin mita 10 da hoto mai fiksel 2048, wannan fiksel 13 ne kacal. Abin da ya leƙo gaban allo kuma gefen hoto ya yanke shi, a rufe ɗan siririn gefen da baƙi a ido ɗaya. Rubutun fassara ya zauna gaban abin da ya fi kusa.

Kalar ƙarshe da tabarau a fuska ake yin ta, a gaban majigi. Fim na yau da kullum ana haska shi a futlambat 14 (ma'aunin hasken allo ke nan), amma tabarau da matatar majigi kan rage na 3D zuwa wajen 4.5, shi ya sa yake bukatar gyaran kalarsa daban.

Daga nan sai kunshin DCP, wato fayilolin da ake kai wa gidan sinima ya haska: JPEG 2000, kalar XYZ mai bit 12, girman 1998×1080 ko 2048×858, firam 24 a daƙiƙa ga kowane ido. Megabit 250 a daƙiƙa da aka ƙayyade, idanun biyu ne ke raba shi. A gwada kunshin a ainihin ɗakin sinima, a rufe ido ɗaya, a tabbatar hagu na hagu ne. In an musanya su, na nesa zai dawo kusa, na kusa ya koma nesa.